Me ya sa shel ɗin da manhajata ta buɗe ba ya karanta .bashrc?

Tambayar ɗan'uwanmu a taƙaice: ya rubuta ƙaramar manhaja da Python a kan Ubuntu, tana kiran `npm run build` ta hanyar `subprocess.run` da `shell=True`. In ya tayar da ita daga taminal, lafiya lau. In ya danna ta daga kan allo, ko ya sa cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tashe ta da asuba, sai ta ce `/bin/sh: 1: npm: not found`. Da nvm, kayan saka Node da sauya lambarsa, ya saka Node, wanda `npm` ke zuwa tare da shi. Ya gwada sa `source ~/.bashrc` a gaban umarnin, bai yi ba. Ya gwada `bash -l`, shi ma shiru. Yana so ya san yadda ake buɗe shel, wato manhajar da ke karɓar umarni tana gudanarwa, daga cikin kod har fayilolin farawa irin `.bashrc` su gudana kamar yadda suke yi in ya buɗe taminal da hannunsa.

Ɗan'uwa, saƙon kuskuren da ka turo ya riga ya faɗi rabin amsar. Dubi farkonsa: `/bin/sh: 1:`. Wannan salon maganar dash ne. A kan Linux da macOS, `shell=True` na Python `/bin/sh` yake kira, bai damu da shel ɗin da kai ka zaɓa wa kanka ba. Haka `os.system` yake yi, haka `system()` na C, haka `exec` na `child_process` a Node. Shi kuwa `/bin/sh` a Ubuntu, tun fitowar 6.10 a 2006, dash ne, ƙaramin shel mai sauri wanda bai san `.bashrc` ba, bai ma san kalmar `source` ba. Ɗigo kawai ya sani, wato umarnin `.` mai yin aikin `source`. Ka ga ke nan gwajinka na farko bai ko isa ƙofar bash ba.

To me ya sa abin ke aiki daga taminal? Gado ne. Kowane aiki da ya tashi a Unix yana gadon muhallin wanda ya haife shi, wato jerin sunaye da ƙimominsu irin su `PATH` da `HOME` da `LANG`. `PATH` shi ne jerin foldojin da ake neman umarni a ciki. Lokacin da ka buɗe taminal, bash ya karanta `.bashrc`, nvm ya cusa foldar Node a gaban `PATH`. Daga nan ka tayar da Python, ta gaji wannan `PATH`, ta miƙa wa dash, dash ya ga `npm`. Babu wani fayil da manhajarka ta karanta, arzikin uba take ci. Ranar da cron ya zama ubanta, sai asiri ya tonu, domin cron gajeren `PATH` irin `/usr/bin:/bin` yake bayarwa da `SHELL=/bin/sh`. Haka in ka danna ta daga kan allo: wanda ya haife ta bai taɓa loda layukan nvm na `.bashrc` ba.

Abu biyu ka riƙe game da gadon nan. Abin da aka yi wa `export` ne kaɗai ke gangarowa. Laƙabin umarni na `alias` da saitunan `shopt` ba sa bin ɗa, fankshin ma ba ya bi sai in an fitar da shi takanas da `export -f`. Sannan gado daga sama yake sauka ƙasa. Ɗa ba ya canza muhallin uba. Shi ya sa masu kiran `subprocess.run("source wani.sh")` a layi ɗaya, su kira umarninsu a layi na gaba, suke shan mamaki. Shel na farko ya gyara muhallinsa, ya mutu da shi, na biyu ya tashi fayau.

Yanzu ga yadda bash yake zaɓar abin da zai karanta. Da ya farka, tambaya biyu yake yi wa kansa. Ta farko: ni shel na shiga ne? Amsar e ce in an ba shi `-l` ko `--login`, ko kuma in sunan da aka kira shi da shi ya fara da karan kwance, wato `-bash`. Wannan tsohuwar al'ada ce ta Unix, da ita `login` da `sshd`, mai karɓar masu shigowa daga nesa, suke sanar da shel cewa mutum ne ya shigo gida yanzu. Ta biyu: ni mai hira ne, akwai mutum a gabana? Amsar e ce in an ba shi `-i`, ko in ba a ba shi `-c` ko sunan sikirif ba kuma mashigarsa da mafitar kurakuransa duk suna haɗe da taminal.

Shel na shiga yana karanta `/etc/profile`, sannan ya nemi `~/.bash_profile`, `~/.bash_login`, `~/.profile` a jere, ya ɗauki na farkon da ya samu, ya bar sauran. Ka lura da wannan, guda ɗaya tak. Sau da yawa wani kayan aiki yana ƙirƙiro `.bash_profile` a gidan mutum, daga ranar `.profile` ya zama marar amfani, mai shi bai sani ba. Mai hira wanda ba na shiga ba kuwa `~/.bashrc` yake karantawa, a Debian da Ubuntu kuma da `/etc/bash.bashrc` kafinsa. Wanda ba na shiga ba kuma ba mai hira ba, wato `bash -c` tsurarsa, ba ya karanta komai sai fayil ɗin da aka ambata a cikin `BASH_ENV`, in an sa. Kuma shi kansa shel na shiga bai san `.bashrc` ba, sai in `.profile` ko `.bash_profile` ne ya kira masa shi.

A nan gizo ke saƙar `bash -l` ɗinka. A Ubuntu, `.profile` na asali yana kiran `.bashrc` in ya ga bash ne ke gudana, don haka an karanta fayil ɗin, ba ƙarya. Amma buɗe shi ka duba layukan sama:

```
case $- in
    *i*) ;;
      *) return;;
esac
```

Mai gadi ke nan. `$-` yana ɗauke da tutocin shel, in babu `i` a ciki, ma'ana babu mutum, sai fayil ɗin ya ce a koma. Shi kuma nvm, layukansa a can ƙasan fayil yake zuba su. An shiga zaure an gaisa da mai gadi, ba a shiga cikin gida ba. Ko da ka rubuta `bash -c "source ~/.bashrc; npm run build"` daidai, a wannan zauren za ka tsaya.

Kada ka cire mai gadin. Na san hannunka yana ƙaiƙayi, amma yana da aiki. In `sshd` ya tayar da bash don gudanar da umarni, bash yana karanta `.bashrc` ko da ba mai hira ba ne, kuma `scp` da `rsync` da `sftp` ta wannan hanyar suke bi. Duk abin da fayil ɗin ya buga a allo sai ya cakuɗe da bayanan da ake turawa. Na taɓa ɓata yini guda a kan wata saba ina neman dalilin da ya sa kwafin ajiya na dare ya daina tafiya, ashe wani abokin aiki ne ya sa `echo` na barka da zuwa a saman `.bashrc`. Gaisuwa ce ta hana aiki.

Kafin ka nemi tutar da za ta tilasta wa bash karanta komai, tsaya ka tambayi kanka me kake so. Buƙatu uku ne mutane ke haɗawa wuri guda, kowacce da maganinta.

Taka ita ce ta farko, kuma ita ta fi yawa: kana so umarni guda ya gudana, ko akwai mutum ko babu. A nan ra'ayina a fili yake, ka rabu da fayilolin farawa gaba ɗaya. An rubuta su ne don mutum mai zaune a gaban allo, da launukansa da laƙabobinsa, kuma gobe zai iya canza su bai tuna da manhajarka ba. Abin da kake nema daga `.bashrc` layi biyu ne, to ɗauko su kai tsaye:

```
subprocess.run(
    ["/bin/bash", "-c",
     'export NVM_DIR="$HOME/.nvm"; . "$NVM_DIR/nvm.sh" && nvm use 20 && npm run build'],
    cwd=folda, check=True)
```

Ka sa lambar Node ɗin da kake amfani da ita a madadin 20. Dalilin da ya sa dole a loda `nvm.sh` shi ne `nvm` fankshin ne na shel, babu wani fayil mai wannan suna a cikin `PATH`, don haka `which nvm` ba ya nuna komai. Haka `conda activate` yake, shi ya sa aka tanadi `conda run -n suna umarni` don irin wannan yanayi. Muhallin `venv` na Python ya fi sauƙi: ba ka buƙatar `activate` sam, kira `venv/bin/python` kai tsaye ya wadatar.

In kana so ka fi haka tsabta, cire shel ɗin ma. Kwafi `os.environ`, ka ƙara foldar `bin` ta Node, wadda ke ƙarƙashin `~/.nvm/versions/node/`, a gaban `PATH`, ka miƙa ta `env=`. Wasu suna ba da cikakken adireshin `npm` su ɗauka sun gama, sai su ga `env: node: No such file or directory` ko makamancinsa. An gudu ba a tsira ba, domin layin farko na `npm` shi ne `#!/usr/bin/env node`, shi ma ta `PATH` yake neman Node. Kuma ka tuna in babu shel, babu mai fassara `~`, sai ka yi amfani da `os.path.expanduser`. In da systemd kake tayar da aikin, `Environment=` da `EnvironmentFile=` su ne wurin zuba waɗannan abubuwa.

Akwai wata tsaka-tsakiyar hanya da nake bi a kwamfutocina. Duk abin da ya shafi muhalli, irin `PATH` da `JAVA_HOME`, ina tara shi a fayil guda wanda ba ya buga komai a allo, ba ya tambayar komai. `.profile` ya kira shi, manhaja ma ta kira shi da ɗigo ko ta nuna shi a `BASH_ENV`. `.bashrc` ya zauna da kayan kwalliya.

Buƙata ta biyu ta masu rubuta kayan aiki ce da wasu za su saka a kwamfutocinsu. Ba ka san ko mutum da nvm yake aiki ko da wani abu ba, kana dai so manhajarka ta ga abin da taminal ɗinsa ke gani. A nan halas ne ka tayar da shel na shiga mai hira, amma sau ɗaya, ka ari muhallinsa, ka sallame shi. VS Code haka yake yi in an buɗe shi daga kan allo a macOS da Linux, kuma in shel ɗin ya yi nawa yakan yi ƙorafin cewa bai iya samo muhallin a kan lokaci ba.

```
def aro_muhalli():
    shel = pwd.getpwuid(os.getuid()).pw_shell
    r = subprocess.run(
        [shel, "-i", "-l", "-c", "printf __ALAMA__; env -0"],
        stdin=subprocess.DEVNULL, stdout=subprocess.PIPE,
        stderr=subprocess.DEVNULL,
        start_new_session=True, timeout=10)
    jiki = r.stdout.split(b"__ALAMA__", 1)[1]
    return dict(os.fsdecode(x).split("=", 1)
                for x in jiki.split(b"\0")[:-1])
```

Kowane layi a nan da ciwon da ya haife shi. Alamar tana raba surutun fayilolin farawa da ainihin abin da kake nema. `env -0` yana raba ƙimomi da sifirin baiti maimakon sabon layi, saboda ƙima ɗaya tana iya ɗaukar layuka da yawa. An toshe mashiga don kada wani `read` ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba. An zubar da kurakurai saboda bash mai `-i` in bai sami taminal ba sai ya yi kukan `cannot set terminal process group` da `no job control in this shell`, kuka ne kawai, ba ya hana aiki. `start_new_session` kuwa yana raba shi da taminal ɗinka, in ba haka ba shel mai hira yana iya ƙwace ragamar taminal ɗin ya bar manhajarka a daskare. Wa'adin daƙiƙa goma na fayilolin farawa masu nawa ne, su kuwa mutanen da suka sa `exec tmux` ko `exec zsh` a `.bashrc`, a wurinsu alamar ba za ta fito ba sam. Ka tanadi abin da za ka koma wa in aron bai yiwu ba, ko da `os.environ` ne.

Na ɗauko sunan shel daga bayanan asusun mai amfani maimakon `$SHELL`, domin a ƙarƙashin cron `$SHELL` zai ce maka `/bin/sh`. In ka ci karo da mai tcsh, waɗannan tutocin ba za su yi ba, shi `-l` ɗinsa ba ya karɓar abokin tafiya. Bayan ka samu muhallin, nemi umarninka da `shutil.which("npm", path=muhalli["PATH"])` ka gudanar da shi ba tare da shel ba. Abin da wannan dabara ba za ta kawo maka ba shi ne laƙabi da fankshin. In umarnin da mutum yake so laƙabi ne, dole ya gudana a cikin shel mai `-i` ɗin kansa, domin bash ba ya fassara laƙabi in ba mai hira ba ne, sai an kunna `shopt -s expand_aliases`.

Buƙata ta uku ita ce ka ba mutum shel na gaske ya yi rubutu a ciki, kamar taminal a cikin manhajarka. Bututu ba zai yi ba, ko ka sa `-i`. Taminal na bogi ake buɗewa, wanda ake kira `pty`: Python tana da `pty` a cikinta, akwai `pexpect`, masu Node suna da `node-pty`. Da shel ya ga taminal, da kansa zai gane mai hira ne, ba sai ka gaya masa ba. Saura ka zaɓi ko na shiga kake so. Yawancin taminal na Linux ba na shiga suke buɗewa ba, Terminal na macOS kuwa kowace taga shel na shiga ce. In kana son tsohuwar hanyar karan, a Python `subprocess.Popen(["-bash"], executable="/bin/bash")` ne, a Node kuma zaɓin `argv0`. Kada ka manta da sa `TERM`.

Tunda an ambaci `-c`, ga gargaɗi. Kada ka riƙa manna sunan fayil ko abin da mai amfani ya rubuta a cikin jimlar umarnin. Suna mai sarari a tsakiya zai karya ta, mai mugun nufi kuma zai cusa nasa umarnin. Miƙa su daban: `["bash", "-c", 'cd "$1" && npm run "$2"', "bash", folda, aiki]`. Kalmar farko bayan jimlar `$0` take zama, shi ya sa na maimaita `bash`. Mutane da yawa suna mantawa da ita, sai ƙimarsu ta farko ta ɓace.

In manhajar za ta je macOS, tun Catalina a 2019 zsh ne shel na asali, kuma tsarinsa ya fi na bash tsari: `.zshenv` kullum, `.zprofile` ga na shiga, `.zshrc` ga mai hira, `.zlogin` a ƙarshe ga na shiga. Tarkon da ke can shi ne `/etc/zprofile` yana kiran `path_helper`, wanda ke sake jera `PATH` daga `/etc/paths` da `/etc/paths.d`, don haka abin da ka sa a gaba a `.zshenv` yana iya komawa baya. Manhajar da aka danna daga Dock kuma `/usr/bin:/bin:/usr/sbin:/sbin` kawai take samu, babu `/opt/homebrew/bin`.

Windows lamarinsa a juye yake. PowerShell yana loda fayilolin furofayil ɗinsa ko ba ka nema ba, sai ka ce `-NoProfile`, kuma a aikin da babu mutum ya kamata ka ce. `cmd.exe` ba shi da fayil na farawa, sai `AutoRun` da ke cikin rajista ƙarƙashin `Software\Microsoft\Command Processor`, wanda `/d` ke kashewa. `/c` yana gudanarwa ya fita, `/k` ya gudanar ya zauna. Masu son muhallin Visual Studio suna yin irin aron da muka yi a sama: `cmd /c "call vcvars64.bat && set"`, su karanta abin da ya fito. Amma in ka rubuta `echo %PATH%` a wannan layin, tsohon `PATH` za ka gani, domin `cmd` yana fassara alamun kaso tun lokacin karanta layin, kafin fayil ɗin ya gudana. Git Bash kuma `bash.exe --login -i` ake kiransa, a `/etc/profile` ɗinsa ake gina `PATH`.

Koma kan Ubuntu ɗinka. Kada ka ƙara gwada manhajar daga taminal ɗin da ya riga ya ƙoshi, zai yi ta ruɗinka. Kwaikwayi talaucin cron:

```
env -i HOME="$HOME" PATH=/usr/bin:/bin /bin/sh -c 'python3 /cikakken/adireshi/manhaja.py'
```

In ta yi aiki a nan, da asuba ma `PATH` ba zai ba ta matsala ba. In kuma kana so ka gani da idonka inda bash ya tsaya, gudanar da `env -i HOME="$HOME" bash -l -x -c true`. Zai buga kowane layi da ya bi, za ka ga ya shiga `.profile`, ya kira `.bashrc`, ya iso `case $- in`, ya buga `return`. A cikin kowane shel, `echo $-` zai nuna maka ko akwai `i`, `shopt login_shell` kuma ya ce `on` ko `off`. Sannan a layin crontab ɗin ka ƙara `>> /tmp/gini.log 2>&1` a ƙarshe, kuma in akwai alamar `%` a cikin umarnin ka sa mata `\` a gaba, domin cron sabon layi yake ɗaukarta.